Daga motar kara zuwa motar tsere: Mu ba yaranmu fili kafin titi ya cinye su

Bayan an gama ɗaure damman gero na bana, na leƙa gida Baudeta, cikin gundumar Tasawa ta Jihar Maraɗi, domin in gaida iyaye in kuma ga abin da Allah Ya ba mu a gona. Da la'asar muna zaune a ƙofar gida sai ga ɗan ƙanwata, yaro ɗan shekara 11, yana tura wata mota da ya ƙera da karan dawa da gwangwanin tumatir da guntayen waya. Ya yanko tayoyinta daga tsohon silifa, ya ɗaura mata dogon sitiyari da ya kai masa ƙirji, in ya murza sai tayoyin gaba su juya kamar na motar gaske. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wata 'yar roba da ya sa mata a ƙarƙashi, yadda in ta hau tudun rairayi sai ta lotsa ta dawo daidai. Na ce masa, "Kai, wa ya koya maka wannan?" Ya ce, "Kawu, ai ranar kasuwa na kwanta na leƙa ƙarƙashin a-kori-kura na ga yadda take."

Muna cikin wannan sai wani saurayi da ya dawo daga ci-rani ya ciro wayarsa ya nuna mana hoton bidiyon wani dattijon Bature, wanda ya sayi sassan mota a akwatuna, ya ɗaura su ɗaya bayan ɗaya a garejin gidansa, sannan ya kai motar wani fili yana ta sheƙa gudu. Wani daga cikin manyanmu ya kalla ya girgiza kai ya ce, "Wannan ai wasan masu ƙoshi ne." Aka bushe da dariya, har da ni. To amma tun daga ranar maganar take yi mini yawo a rai, domin na lura cewa abin da ke zuciyar wancan dattijo shi ne ke zuciyar ɗan ƙanwata. Bambancin kawai shi ne, shi ƙasarsa ta shimfiɗa wa sha'awarsa hanya, mu kuwa mun bar tamu tana watangaririya a kan titi, inda take kashe mutane.

Bari in fara da bayanin mene ne wannan sha'awa, don amfanin mai karatun da bai taɓa jin labarinta ba. A 1957 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Colin Chapman ya fito da wata 'yar ƙaramar mota mai kujera biyu, ba rufi ba ƙofa, wadda ya kira Lotus Seven. A wancan zamani gwamnatin Ingila tana ɗora haraji mai nauyi a kan sabuwar mota, amma ba ta ɗora shi a kan sassan mota, don haka sai Chapman ya riƙa sayar da ita a warwatse, mai saye ya je gida ya haɗa abinsa. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau ana yin ta. Nauyinta bai wuce rabin tan da 'yan kai ba, shi ya sa ƙaramin inji ma yake ishe ta ta bar manyan motoci a baya. A 1996 wani malamin koyar da sana'a mai suna Ron Champion ya wallafa littafin da ya nuna yadda mutum zai yanka bututun ƙarfe, ya yi waldar ƙashin mota da kansa, ya ciro inji da giya da birki daga tsohuwar Ford da ta mutu, ya tayar da irin wannan mota da kuɗi kaɗan. Mutane da yawa sun bi littafin, har aka ware wa motocin gasarsu ta musamman.

Akwai kuma masu kwaikwayon tsofaffin motocin da suka yi suna. Alal misali Cobra, wadda Carroll Shelby ya fito da ita a 1962 ta hanyar cusa ƙaton injin Ford na Amurka cikin ƙaramar motar Ingila. Ta asalin yau sai hamshaƙin attajiri, amma kwaikwayonta ya cika duniya, kuma wasu daga cikin waɗanda suka fi kyau a nan Afirka ake ƙera su, a Afirka ta Kudu, ana kai wa Amurkawa suna saye. Wanda ya haɗa irin wannan mota yakan yi ta gyara ta shekara da shekaru, yau ya canza birki gobe ya rage mata tsawo, jibi ya kai ta filin tsere ya gwada ko gyaran ya yi amfani.

Yanzu mu dawo gida. Ni a ganina duk abin da ake buƙata na wannan harka muna da shi, sai dai a rarrabe yake. Na farko, muna da maƙera. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Tasawa ko ta Mayahi ranar kasuwa ya san cewa da wuya ka ga motar ƙauye da take yadda kamfani ya fito da ita. Bodin na wata mota ne, injin na wata, an ƙara mata ganyen sifirin biyu ko uku don ta ɗauki buhunan wake da gyaɗa, an yi mata waldar keji a baya, an ɗaga ta don kada cikinta ya zauna a rairayi. Makaniken da ya yi wannan aiki bai taɓa shiga ajin injiniya ba, da kunne yake gane ciwon inji. Idan ka tsallaka iyaka ka je Panteka a Kaduna ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, za ka ga abin da ya fi haka. Hatta Fijo 504 ɗin da iyayenmu suka yi alfahari da ita, ai motar akwati ce: daga 1975 aka riƙa kawo sassanta daga Faransa a ɗaure, 'yan ƙasa su haɗa ta a Kaduna. A shekarar ce kuma irin wannan mota ta lashe gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya.

Muna kuma da masu basirar da suka wuce gareji. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar Honda da tarkacen ƙarafa. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya tashi yana zanen motoci a takarda, ya samu tallafin karatu ya tafi Amurka, ya zana motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, daga baya ya shugabanci hukumar tsara motoci ta Najeriya daga 2017 zuwa 2023. A 2019 wani matashi ɗan Jihar Filato, Jerry Mallo, ya baje kolin motar tsere da ya ƙera ya sa mata suna Bennie Purrie. Waɗannan su ne suka yi sa'a aka ji sunansu. Nawa ne irinsu suka ƙare a tura baro, saboda ba wanda ya taɓa duba motar karansu sau biyu?

Na biyu, muna da masu son gudu, kuma a nan ne gizo ke saƙar. Babu garin Hausa a yau, daga Maraɗi zuwa Katsina, daga Damagaram zuwa Kano, da ba a san wasan mota da babur ranar ɗaukar amarya ko ranar gama makaranta ba. Samari su cika titi, wannan ya saki sitiyari ya zauna a taga, wancan ya ja birkin hannu motar ta yi ta juyi kamar tana rawa, yara da 'yan talla sun kewaye su suna ihu. Ni da idona na ga ƙarshen irin wannan wasa shekarun baya a wani gari na yankinmu. Wani yaro da ya ari motar yayansa ya zo juya ta a tsakiyar taro, taya ta kama rairayi, motar ta ƙwace ta yi kan wata yarinya mai tallan gyaɗa. Yarinyar ta rayu amma har yau da sanda take tafiya, yaron kuwa ya bar garin bai sake dawowa ba, aka kuma yi shekaru gidaje biyu ba sa ga-maciji. Bayan kwana bakwai da faruwar abin aka yi wani bikin, aka sake wasan a wuri guda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Nahiyar Afirka, wadda ta fi kowace ƙarancin motoci, ita ce ta fi yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Dalili ɗaya daga ciki lissafi ne da ba ya canzawa: idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ci kafin birki ya tsayar da ita yakan ninka sau huɗu. Haka kuma motar da aka ɗaga aka jibga wa kaya a sama tana saurin kifewa a kwana, ƙarfen sitiyarin da ya karye aka yi masa walda kuwa ba ya sanar da ranar da zai sake karyewa. Wato dai gwanintar makanikenmu da ƙarfin halin saurayinmu, idan ba ido a kansu, su ne suke haɗuwa su zama makara.

To, me Turawan nan suke da shi wanda mu ba mu da shi? Mutane za su yi saurin cewa kuɗi. Gaskiya ne suna da kuɗi, amma abu biyu ne suka mayar da sha'awarsu abin amfani, kuma dukkansu ba su fi ƙarfinmu ba. Na ɗaya shi ne gwaji. A Ingila ba a hana kowa ƙera mota a gidansa, amma ba za ta taɓa hawa titi ba sai an kai ta wurin jami'an gwamnati sun duba ta ita kaɗai, sun gwada birki da sitiyari da fitilu da madaurin bel da hayaƙi da ƙara, har ma su shafa jikinta su tabbata babu wani kaifi da zai yanki mai tafiya a ƙasa. Idan ta faɗi a ba ka jerin laifuffukanta, ka je ka gyara ka dawo. Ta haka dokar ta zama malami, mai ƙera mota yana aiki yana tuna cewa akwai idon da zai bi bayan waldarsa.

Na biyu shi ne fili. Mai son gudu yakan biya kuɗi ya shiga killataccen wuri inda babu jaki, babu amalanke, babu ɗan makaranta. Kafin ya tayar da mota sai an duba ta, sai ya sa hular kwano, sai ya zauna an karanta masa ƙa'ida da ma'anar kowace tuta, ga motar asibiti a gefe, ga alƙalai da za su fitar da duk wanda ya yi ganganci. Kada mai karatu ya ɗauka cewa da miliyoyi aka fara. Filin Silverstone da ake ji da shi a duniya tsohon filin jirgin saman yaƙi ne, kuma da aka yi babbar gasar farko a cikinsa a 1948, da damman ciyawa da gangunan mai aka shata hanya.

Idan ana ganin misalin Ingila ya yi nisa, ga na Afirka ta Kudu. Wasan juya mota da samarinmu ke yi a biki, can ma an yi shi a unguwannin baƙaƙen fata irin su Soweto tun shekarun 1980, kuma da farko an san shi ne da 'yan daba da motocin sata. 'Yan sanda sun yi ta kamu bai hana ba. A 2014 hukumar wasannin motoci ta ƙasar ta amince da shi a matsayin wasa, aka mayar da shi cikin shinge, aka raba 'yan kallo da masu wasa, aka sa masa doka da alƙalai. Yau akwai samari da 'yan mata da suke cin abinci da shi.

Amma misalin da ya fi kusa da mu shi ne kokowa. Kafin 1975 a dandalin ƙauye ake yin ta bayan girbi, wani lokaci a tashi lafiya wani lokaci a tashi da sanduna. A shekarar ce, zamanin Seyni Kountché, aka shirya gasar ƙasa ta farko a Tawa, wadda Kantu na Maraɗi ya lashe. Aka gina filaye a manyan birane, aka sa alƙalai da likitoci da ƙa'idar kaye. Gwamnati ba ta ƙirƙiri kokowa ba, ta same ta ne a hannun jama'a ta yi mata gida, ga shi gasar takobi ta zama abin da ke haɗa kan Nijar baki ɗaya. Haka sukuwar dawaki, ba wanda ya taɓa cewa a yi ta a tsakiyar kasuwa. Ashe mun san dabarar, mun dai ƙi yi wa mota da babur ne kawai.

Mu 'yan Nijar kuma bai kamata a ba mu labarin tseren mota ba. Gasar Paris-Dakar ta farko, wadda ta tashi daga Faransa a ƙarshen 1978 ta isa Dakar a Janairun 1979, ta Agadas da Yamai ta bi, kuma hamadar Tenere ta zama zuciyar gasar shekaru da dama. A cikinta 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, suka ɗauki motar talakawa suka gyara ta da hannunsu, har suka lashe gasar 1982 da Renault 20. A 1981 wani Bafaranshe ya shiga da abin da ido ke gani kamar Rolls-Royce, alhali bodin kwaikwayo ne aka ɗora a kan kayan Toyota Land Cruiser da injin Chevrolet, wato irin haɗe-haɗen da makanikanmu ke yi kullum. Sai dai gasar ta bar mana darasi mai ɗaci, domin tana ratsa ƙauyuka ne a buɗe, ta kuma kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, kamar yara biyun da aka take a 2006, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal. An soke ta a 2008 saboda matsalar tsaro, ta koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. Ta zo ta wuce, mu ƙura kawai muka sha, domin ba mu taɓa tunanin mu kafa namu ba.

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba zan raina maganarsu ba. Za su ce mutanen Tasawa da Mayahi da suka ga yunwar 2005, waɗanda har yau damina ɗaya in ta yi gardama sai maza su bar gida, su ne za a yi wa zancen motar wasa? Za su ce rijiya da asibiti da aji sun fi. Sun yi gaskiya, kuma ni ban ce a taɓa ko dala ɗaya daga kuɗin rijiya ba. Ban kuma ce wani ya ɓata dukiyarsa wajen kwaikwayon Ferrari ba, motar da ko kwanar gidanmu ba za ta wuce ba cikinta zai zauna a ƙasa. Irin wannan kwaikwayo na burga almubazzaranci ne, kuma maƙala tambarin wani kamfani a kan abin da ba nasa ba yaudara ce. Abin da ya dace da ƙasarmu shi ne mota marar nauyi mai tsawon ƙafa da za ta keta rairayi, irin wadda Bruce Meyers ya ɗora a kan kayan Volkswagen a 1964 don yawo a kan tuddan yashi. Yaron da ya iya auna ƙarfe, ya yi walda madaidaiciya, ya daidaita birki ya ƙera irin wannan, shi ne gobe zai ƙera amalanken da ba ya karya jaki, da injin casar gero, da 'yar motar da za ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye zuwa asibitin Tasawa a tsakiyar damina. Ilimin guda ne.

Wasu kuma za su ce a hana kawai, a kama a ci tara. An yi ta hanawa a garuruwa da yawa, jandarmomi da 'yan sanda sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma da zarar sun juya baya sai a koma 'yar gidan jiya. Jinin samartaka kamar ruwan ƙorama yake, in ka toshe masa hanya ba ka haƙa masa wata ba, gidanka zai shigo. Hani yana yin tasiri ne idan akwai inda za a ce wa yaro ya je.

Saboda haka ina kira ga magadan gari da sarakunanmu na Tasawa da Mayahi da Maraɗi da su ware fili a bayan gari, ko da na rani ne kawai bayan an kwashe amfanin gona, a shata shi da tsofaffin tayoyi, a nisanta 'yan kallo, a sa rana ɗaya a wata. Kada a bar kowa ya shiga sai da lasisi da hular kwano da bel, sai kuma ƙungiyar makanikai ta duba abin hawansa. Wanda aka kama yana wasa a titi bayan an ba shi fili, a hukunta shi ba sani ba sabo, ko ɗan wane ne. Ina kira ga hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ANISER, da ma'aikatar sufuri da su fito da tsari na musamman na gwada motocin da aka yi wa babban gyara ko aka ƙera a gida, a koya wa makanike abin da ya halatta a yi wa walda da abin da dole a canza, maimakon a bar shi tsakanin ɓuya da cin hanci. Ina kira ga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi da su shirya gasar shekara-shekara, kowace makaranta ta ƙera 'yar mota da injin babur, a gwada wadda ta fi ƙarko da tsimin mai da kyan birki, ba wadda ta fi gudu kaɗai ba. Attajiranmu na Maraɗi da ke zuba kyauta a filin kokowa, su ware kaɗan ga wannan. Mu kuma iyaye mu daina ba yaro makullin mota ranar biki muna cewa ai rana ɗaya ce, domin rana ɗaya ce ta gurgunta mai tallan gyaɗa.

Da zan baro Baudeta na saya wa ɗan ƙanwata filaya da awon tela da 'yan kusoshi, na kuma roƙi wani mai walda a Tasawa ya riƙa barinsa yana zama kusa da shi lokacin hutun makaranta. Iyakar abin da zan iya ke nan. Nan da shekara bakwai ko takwas yaron nan zai kama sitiyarin gaske, ko mun so ko mun ƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da muka tanadar masa daga yau shi zai nuna ko a fili zai gwada basirarsa ko a kan 'ya'yan mutane. Allah Ya kiyaye mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan magana, amin.